Mouk da Chavapa: Baƙi Biyu a Kan Keke

Daga cikin shirye-shiryen katun da Faransawa suka yi wa ƙananan yara a shekarun baya-bayan nan, akwai guda ɗaya da nake ganin ya cancanci manya ma su zauna su dube shi da idon basira, wato Mouk. Labarinsa ba shi da sarƙaƙiya ko kaɗan. Wani ɗan beyar mai suna Mouk da amininsa Chavapa, wanda muzuru ne, sun hau kekunansu sun shiga duniya, yau suna wannan ƙasa gobe suna waccan, kuma duk inda suka sauka sai sun yi sababbin abokai sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Babu wani mugu da ake fafatawa da shi, babu dukiyar da ake tseren nema, babu kuma mai tsafi ko mai tashi sama. Duk da haka shirin ya kai kashi 104, kowanne na kimanin minti 11, wanda idan aka tara zai kama sa'o'i 19, kuma an juya shi zuwa harsuna da dama an nuna shi a ƙasashe masu yawa.

Asalinsa littafi ne. Marc Boutavant, mai zanen littattafan yara da aka haifa a birnin Dijon a 1970, shi ne ya fitar da littafin zagayen duniyar Mouk a 2007 a kamfanin ɗab'i na Albin Michel. Babban littafi ne mai faɗin shafi, kowane buɗi ƙasa guda, an cika shi da launuka masu haske da ƙananan halittu da yawa, kowace tana harkar gabanta a wani lungu na hoton, har yaro yana iya shafe lokaci mai tsawo a shafi ɗaya bai gama gano abin da ke cikinsa ba. An kuma haɗa shi da sitika da yaro zai manna a inda ya ga dama. Kamfanin Millimages na birnin Faris, wanda aka kafa a 1991, shi ne ya mayar da littafin shirin talabijin ƙarƙashin jagorancin darakta François Narboux, ya fara fitowa a 2011, aka nuna shi a tashar France 5 cikin sa'o'inta na ƙananan yara da a lokacin ake kira Zouzous, da kuma tashar Disney Junior. Dole ne a rage cunkoson da ke shafukan littafin kafin zanen ya motsa, domin idon ɗan shekara huɗu ba zai iya bin abubuwa ashirin da ke motsi lokaci guda ba, amma hannun mai zanen bai ɓace ba. Manyan kawuna, zagayayyun idanu da launuka masu ɗumi suna nan yadda suke.

Kusan kowane kashi tsari ɗaya yake bi. Matafiyan biyu suna kiran abokansu da suka bari a gida, Popo da Mita, ta kyamarar kwamfuta, suna ba su labarin abin da ya faru, mai kallo kuma sai ya ga labarin da idonsa. Wannan dabara ta fi yadda ake zato amfani, domin Popo da Mita su ne ke zaune a mazaunin yaron da ke kallo. Su ma ba su je ko'ina ba, labari ake ba su, kuma tambayar da ke bakin yaron sau da yawa ita ce ke fitowa daga bakinsu. Sannan kiran yana tabbatar wa ƙaramin mai kallo cewa wanda ya yi nisa bai ɓata ba, gida yana nan, zumunci kuma bai yanke ba, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga yaron da ko barin mahaifiyarsa na rabin yini yana yi masa nauyi.

Abin da ya fi jan hankalina a shirin shi ne matsayin da aka ba matafiyan. Mouk da Chavapa baƙi ne, kuma a matsayin baƙi suke zama daga farko har ƙarshe. Idan sun isa Japan, ko Peru, ko Madagaska, ko cikin hamadar Sahara, ba su ne masana ba. Yaran wurin su ne suka san hanya, su ne suka san yadda ake cin abincin da aka ajiye, da abin da ake yi da wanda ba a yi, da dalilin da ya sa ake yin wani biki a wani lokaci. Matafiyan sukan yi kuskure, musamman Chavapa da yake da gaggawa da ɗoki, sai a yi dariya, mai masauki ya gyara musu cikin raha, a ci gaba. An ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma shirin ya karɓi wannan gaskiyar ba tare da ya mayar da ita abin kunya ba. Rashin sani a nan ba laifi ba ne, matuƙar mutum zai buɗe baki ya yi tambaya, ya kuma saurari amsa.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, amma idan aka lura da yadda yara suke koyon hali, za a ga ba ƙarami ba ne. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ba zai riƙe sunan babban birnin Peru daga katun ba, kuma ko ya riƙe, babu abin da zai yi da shi. Abin da yake ɗauka shi ne yanayin fuskar jarumin lokacin da aka miƙa masa abincin da bai saba da shi ba. Idan jarumin ya yamutsa fuska aka yi dariya a kan abincin, yaron ya koyi cewa abin wasu abin dariya ne. Idan kuwa jarumin ya yi ɗan jim, ya tambayi yadda ake ci, ya gwada, to dariyar da za a yi a kan rashin iyawarsa ce, ba a kan masu abincin ba. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun daƙiƙa kaɗan ne a allo, amma idan aka maimaita shi sau ɗari, shi ne yake zama ɗabi'a. A ganina wannan ne ainihin darasin shirin, duk sauran bayanan ƙasashe da dabbobi da bukukuwa rakiya suka yi masa.

Darajar wannan matsayi takan fi fitowa idan aka tuna irin labaran tafiya da Faransa ta saba ba 'ya'yanta a da. Jules Verne ya fitar da labarinsa na zagaya duniya cikin kwana 80 a 1872, kuma jaruminsa Phileas Fogg mutum ne da ya ratsa Masar da Indiya da Japan da Amurka idonsa na kan agogo da jadawalin jiragen ruwa da na ƙasa. Ƙasashen a wurinsa tazara ce da za a cinye, mutanensu kuma ko dai cikas ne ko abin da za a ceta. A 1931, shekarar da aka yi gagarumin baje kolin mulkin mallaka a Faris, Jean de Brunhoff ya fitar da labarin giwa Babar, wanda ya bar daji ya shiga birni, ya koyi sa tufafi da zaman Turawa, sannan ya koma cikin 'yan uwansa ya zama sarki. Yara da yawa sun taso da ƙaunar Babar, kuma ba na musun kyawun zanensa, amma masu nazari irin su Ariel Dorfman na ƙasar Chile sun daɗe da nuna cewa saƙon da ke ƙarƙashinsa shi ne wayewa daga gefe ɗaya take zuwa. Mouk ya fito daga ƙasa ɗaya da waɗannan labaran, ya gaji son tafiya da son dabbobi masu magana daga gare su, sai dai ya juya alƙiblar ilimin. Wanda ya zo daga nesa shi ne ɗalibi, kuma idan ya tashi tafiya ba ya barin kowa da wani sabon tsarin rayuwa. Godiya yake yi ya hau kekensa.

Shi ma keken ba a banza aka zaɓe shi ba. Faransa ƙasa ce da keke ke da gurbi na musamman a zuciyar mutanenta, ga gasar Tour de France da ake yi tun 1903, amma keken Mouk ba na tsere ba ne. Abin hawa ne da yaro ya sani, wataƙila ma yana koyon hawansa a daidai shekarun da yake kallon shirin, don haka tafiyar ba ta yi masa kama da abin da sai manya masu kuɗi ba. Mai keke kuma a hankali yake tafiya, rana tana dukansa, ƙura tana taɓa shi, yana jin ƙamshin abin da ake dafawa a gefen hanya, kuma idan ya gaji ko tayarsa ta sace dole ya nemi taimakon mutanen wurin. Wanda ya sauka daga jirgin sama ya shiga motar haya yana iya ratsa ƙasa guda bai buƙaci kowa ba. Mai keke ba shi da wannan gatan, kuma rashin gatan ne yake haɗa shi da mutane. Ko shakka babu, babu yadda za a yi a je Ostireliya ko Madagaska a kan keke, shirin ma bai damu da ya bayyana yadda aka ƙetare teku ba, kuma ban ga laifinsa a nan ba.

Batun mayar da kowa dabba tsohuwar al'ada ce a adabin Faransa, tun daga tatsuniyoyin La Fontaine da suka fara fitowa a 1668. A shirin da ke yawo tsakanin nahiyoyi, wannan al'ada tana warware wata matsala babba. Da mutane aka zana, da dole mai zane ya yanke shawara kan launin fata da siffar hanci da leɓe na kowace al'umma, kuma tarihin zanen Turai cike yake da munanan misalai na yadda aka yi wannan aikin da raini. Da yake kowa dabba ne, yaron da ke kallo ba ya rarraba su zuwa masu kama da shi da waɗanda ba su yi kama da shi ba. Abin da ke bambanta mutanen wata ƙasa da na wata shi ne sutura da gidaje da abinci da wasanni, wato abubuwan da mutane suka ƙirƙira da hannunsu, waɗanda kuma ake iya koya a kuma yi tarayya a cikinsu.

Sai dai ba zan ɓoye cewa akwai inda shirin ya gaza ba, kuma gazawar daga cikin tsarinsa take. Minti 11 ba za su ɗauki ƙasa ba. Abin da suke iya ɗauka shi ne alama biyu ko uku da kowa ya riga ya san ƙasar da su, don haka mai kallo yakan sami abin da ya yi kama da hoton katin gaisuwa, kyakkyawa amma daskararre. Indiya ƙasa ce mai mutane fiye da biliyan 1.4, kundin tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22, kuma ɗan Kerala da ɗan Punjab sun bambanta a harshe da abinci da sutura fiye da yadda Bafaranshe ya bambanta da ɗan Italiya. Madagaska tana da nau'i 6 daga cikin nau'o'in itacen kuka 8 da ke duniya, ga dabbar lemur mai kama da biri da tsibirin ya shahara da ita, kuma babu mai zanen da zai ƙi amfani da irin wannan kyau, amma Antananarivo, fadar gwamnatin ƙasar, babban birni ne mai cunkoson motoci da ɗalibai da ma'aikatan ofis, kuma yaran da ke cikinsa da yawa ba su taɓa ganin lemur a daji ba. Haɗarin shi ne yaro ya tashi da tunanin cewa wasu ƙasashe birane ne da jiragen ƙasa, wasu kuma daji ne da dabbobi. Masu shirin sun yi ƙoƙarin sassauta wannan ta hanyar barin matafiyan su daɗe a wuri ɗaya na kashi da dama, abin da ke ba su damar nuna fuska fiye da ɗaya, amma matsalar ba ta gushe gaba ɗaya ba.

Akwai kuma abubuwan da aka share daga duniyar shirin baki ɗaya. Kowa yana jin maganar kowa, alhali kuwa babban abin da ke fara ƙasƙantar da matafiyi na gaske shi ne ya tsaya a gaban mutum ya kasa ko tambayar ruwan sha. Babu kan iyaka, babu jami'in shige da fice, babu fasfo, babu batun kuɗi. Ba na cewa a ɗora wa ɗan shekara biyar nauyin siyasar duniya, domin kowane zance da lokacinsa. Amma babba da ke zaune kusa da shi ya san cewa mai fasfon Faransa yana shiga ƙasashe masu yawa ba tare da biza ba, yayin da yaran da suka karɓi baƙuncin su Mouk a Madagaska ko Indiya, idan da na gaske ne, sai iyayensu sun cike takardu sun biya kuɗi sun jira amsa kafin su rama ziyarar. Kuɗin neman bizar Schengen ta gajeren zama, wadda da ita ake shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, ya kai Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, kuma ba a mayar wa wanda aka hana. Duniyar da ƙofofinta duka a buɗe suke, kowa kuma yana murna da zuwanka, duniya ce da ake gani daga wani gefe na musamman.

Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo ita ce yadda aka yi shiri mai sanyi irin wannan, wanda babu faɗa ko ihu a cikinsa, ya sami kuɗin da aka yi shi har kashi 104. Amsar tana cikin yadda Faransa ta tsara harkar fim da talabijin. Tun 1946 ƙasar take da hukumar kula da harkar fim da ake kira CNC, wadda ke karɓar haraji daga tikitin sinima da tashoshin talabijin da masu sayar da bidiyo, har da kamfanonin da ke nuna fim ta intanet a yanzu, ta mayar da kuɗin ga masu shirya sababbin ayyuka. Doka kuma ta wajabta wa tashoshi cewa kashi 60 cikin 100 na ayyukan da suke nunawa su zama na Turai, kashi 40 cikin 100 kuma waɗanda asalinsu da Faransanci aka yi su. Ga makarantu irin su Gobelins a Faris da ke yaye masu zane, ga bikin finafinan katun na Annecy da ake yi tun 1960, inda masu shiryawa da masu saye daga ko'ina suke haɗuwa, ga garin Angoulême da ya zama matattarar ɗakunan zane. Wannan ne ya sa ake lissafa Faransa a sahun gaba a Turai wajen yin katun. Idan tashar gwamnati ce babbar mai sayen aikinka, ba lallai ne ka gina labarinka a kan abin wasan da za a sayar a kanti ba, kana iya gina shi a kan littafi. Daga 1 ga Janairun 2018 ma an haramta tallace-tallacen kasuwanci a cikin shirye-shiryen yara 'yan ƙasa da shekara 12 a tashoshin gwamnati. Tsarin yana da masu sukarsa, waɗanda ke ganin yana sa masu shiryawa dogaro da tallafi, amma sakamakonsa a fagen shirye-shiryen yara a bayyane yake.

Faransawan da ke kashe wannan kuɗi a kan katun su ne kuma suke gargaɗi a kan yawan kallonsa. A 2008 hukumar da ke sa ido kan kafofin watsa labarai, wadda a lokacin ake kira CSA kafin ta zama Arcom a 2022, ta hana tashoshin ƙasar yin shirye-shiryen da aka nufi yara 'yan ƙasa da shekara 3 da su, kuma likitan ƙwaƙwalwa Serge Tisseron ya yaɗa ƙa'idarsa ta 3-6-9-12, wadda matakinta na farko shi ne a nisanta yaro da allo kafin ya cika shekara 3. Mouk na waɗanda suka haura wannan shekarun ne, masu zuwa makarantar reno da farkon firamare, kuma gajartarsa tana taimaka wa iyaye, domin kashi ɗaya yana ƙarewa da kansa kafin yaro ya gaji, yana ba da gurbin da za a kashe na'ura ba tare da rigima ba. Na fi ganin amfaninsa idan akwai babba a kusa da taswirar duniya a hannu, wanda bayan an gama zai nuna wa yaron inda ƙasar take, ya kuma gaya masa cewa a can ma akwai asibitoci da makarantu da yara masu ƙin yin barci da wuri, abubuwan da minti 11 ba su sami wurin nunawa ba.

Da za a ba ni dama in roƙi masu irin wannan shiri abu ɗaya, da na roƙi a juya tafiyar. A bar yaran da suka yi masauki a Peru ko Japan ko Madagaska su hau nasu kekunan su zo Faransa, su tsaya suna mamakin mutanen da ke sumbatar kumatun juna wajen gaisuwa, suna cin cuku mai ƙarfin wari, suna rungume da dogon burodi a hammata a kan titi, su yi tambaya, su yi kuskure, Mouk da Chavapa kuma su zama masu bayani da haƙuri. Yaron Faris da ke kallo zai ga cewa al'adar gidansu ma baƙuwa ce a idon wani, kuma tana buƙatar a yi bayaninta kamar ta kowa, yaron da ke kallo daga Lima ta Peru ko Antananarivo kuma zai ga irinsa a kan keke, da jaka a baya, shi ne yake kiran gida yana ba da labari.